Ba Ruwan Shitu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya saukar da ruwa daga sama gwargwado, ya ɓoye sauransa ƙarƙashin ƙasa amana ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan ɗaya ce daga karamomin Shehinmu, malamin malamai, masanin Allah, mai tsantseni da gudun duniya, fitilar ƙasarmu, Allah ya ƙara masa yarda, ya haskaka makwancinsa. Kogi ne a fiƙihu, teku ne a tafsiri, ga nahawu da lugga kamar da su aka yaye shi, har malamai kan taso daga Funtua da Malumfashi, wasu ma daga Zariya, su zo ƙauyenmu da ke gefen Gozaki da mas'alar da ta hana su sukuni, ya warware musu ita da kalmomin da ba su cika tafin hannu ba. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ya hana tun yana da rai, ya ce suna kaya ne, shi kuwa ya tsufa da dako.

Ni mai rubutun nan, ni ne Mati dillali, wanda duk mai jaki tsakanin Dayi da Dandume ya san rawaninsa tun daga nesa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, na gaji da jin ana ba da labarin nan a majalisu ana tsallake ni, ko a ce wai "wani mutum" yana wurin. Wani mutum! Alhali a ƙofar gidana abin ya ƙare, kuma duk garin babu wanda ya yi asara a cikin wannan karama kamar ni, kamar yadda mai karatu zai gani in ya yi adalci.

Abin da baƙo ke fara lura da shi ga Malam shi ne yadda yake da ruwa. Yana da wata 'yar butar ƙasa, wadda in ni ne ba za ta ishe ni jiƙa gemu ba, amma da ita yake cikakkiyar alwala, har ya rage wa kajin gida. Ba ya yin alwalar ko'ina sai kan wani dutse a gindin lemun tsami da ke bakin zaurensa, don abin da ya ɗiga daga gaɓoɓinsa ya sauka a saiwa, har mutane na cewa lemun nan ya fi yawancinmu tsarki, tun da alwala ba ta taɓa wuce shi ba. A gidansa ruwa ba ya tafiya da aiki ɗaya. Ƙasarin da aka wanke surfe da shi na awaki ne, na ɗaurayar kwanuka na yayyafin tsakar gida ne, na wanka kuwa yana da hanyarsa zuwa gindin zogale. Randa kullum rufe da faifai, moɗa a rataye. Ya taɓa ba mu labarin zuwansa Makka a ƙasa, da yadda suka hau jirgi a Bahar Maliya, ruwa gabas ruwa yamma har iyakar ganin ido, amma mutane na suma don ƙishi a kansa, domin duk gishiri ne. Sai ya ce, "Ruwan duniya da yawa, na sha kaɗan ne, kamar kwalli a ido. Wanda ya zubar da moɗa ɗaya a banza, rabon wani ya zubar, ko da a bakin kogi yake." Mu dai muka ce na'am, muka ɗauka wa'azi ne irin na kullum.

'Yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, damina ta ɗauke da wuri, bazara kuma ta yi tsawon da tsofaffi suka ce ba su san irinsa ba. Rijiyar masallaci ta koma laka, ta bakin kasuwa ta bi ta, rafi ya zama hanya, mata na tonon yashi tun hantsi suna kwarfa da ƙoƙo, a wuni a dawo da rabin tulu ja wur kamar kunun kanwa. A cikin wannan hali matata Maijidda ta haifi 'ya mace, bayan mun yi shekaru muna haihuwa muna binnewa. Haihuwar ta zo da gardama, ta bar ta kwance ba ta iya ko zama, ƙafafu suka kumbura, nono ya ƙi zuwa, jaririya na ta tsotsar banza tana kuka har muryarta ta fara dushewa.

Gwaggonta Hansai ta zo daga Dandume don yi mata jego, kowa kuwa ya san abin da jego ke ci: tafasasshen ruwa cike da tukunya, safe da yamma, a fyaɗa wa mai jego da ganyen darbejiya, ga na kunu, ga na wankin tsummokaran jariri. Gwaggo ba ta yi mini magana kai tsaye saboda surukuta, sai dai ta tsaya bayan danga ta yi wa Maijidda magana da muryar da za a ji a kasuwa.

"Ki gaya wa mai babban rawanin nan, ba a wankan jego da zaƙin baki. In ranar kasuwa ta zo kina nan yadda kike, mota zan saka ki mu tafi Dandume inda ake da ruwa. Ko ki isa ko kada ki isa, ba dai a ce a hannun Hansai sanyi ya kashe ki ba."

Ni kuwa na san hanyar nan, na san zaman saman buhuna a bayan babbar mota cikin ranar bazara, na kuma san macen da ba ta iya ɗaga kanta daga matashi ba za ta sauka Dandume da rai ba. Gwaggo kuma in ta faɗi magana, ko ungulu ba ta kai ta cika alkawari ba.

Rijiya ɗaya ta rage da ruwa a garin, ita ce ta maƙwabcina Shitu mai sayen auduga, wanda ke awo yana turawa Funtua. Ya sa an haƙa masa ita da zurfi a garkarsa, an ɗaure ta da siminti, ya kewaye da danga, ya sa ƙyaure da kwaɗo. Da ita yake ban ruwan albasarsa, da ita yake wanke kekensa kowace safiya kamar ana wankan amarya, ruwa na malalowa ƙarƙashin danga, awakin unguwa na lasar laka. Na sa rigata ta zuwa ɗaurin aure, na je masa da bakin nan nawa, bakin da ya taɓa sayar da jaki mai ido ɗaya a kan cewa ɗayan hutawa yake yi. Na yabi kakanninsa, na yabi albasarsa, na yabi keken. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Mati, in na buɗe maka, gari na buɗe wa. Allah ya ba ta lafiya."

To, Allah bai halicce ni da guntun tunani ba. Kudirat matar Raufu tela, Bayarabiya haifaffiyar garinmu, mai sayar da gishiri da kananzir, ta kawo wa Maijidda kaza gudummawar jego, Gwaggo ta yi farfesu da ita. Na tsince gashin kazar, na watsa shi ta saman danga ya sauka bakin rijiyar Shitu, sannan na same shi a zaure da fuskar jaje, na ce kazar Kudirat ta ɓata, ga shi kuma na hango gashi a bakin rijiyarsa. A lura, ban yi ƙarya ba: kazar ta ɓata, cikin tukunyar Gwaggo. Kowa ya san in dabba ta mutu a rijiya sai an kwashe ruwa an zubar kafin a sha, ni kuwa na ce don zumunci zan tara masa mutane da tuluna su kwashe masa ƙazamin ruwan su kai can nesa, kada ya ɓata masa albasa. In akwai wanda ya taɓa ƙulla dabarar da ta fi wannan kyau a ƙasar Katsina, a nuna mini shi in gaishe shi.

Abu ɗaya ne ban auna ba, wato zurfin rowar Shitu. Sai ya ce, "Sai an tambayi Malam guga nawa shari'a ta ce, kada a kwashe mini fiye da ƙa'ida."

Bayan azahar Malam ya taho da kansa, yana dogara sandarsa, jama'a na biye, mata kuma da suka ji ƙishin-ƙishin za a kwashe rijiya suka yi dafifi da tuluna. Ya leƙa rijiyar, ya dubi gashin kazar, sannan ya dube ni, irin kallon nan nasa da ke sa mutum ya ji kamar an kwance masa rawani a tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Babu abin da ya faɗa rijiyar nan sai maganar Mati. Ita kuwa ba ta da nauyi, ba ta ɓata ruwa."

Aka kwashe da dariya. Har yau ina cewa da ya kira ni gefe ya fi, amma waliyyi ba ya shawara da dillali. Ta yaya ya sani, ba wanda ya gan ni, wannan ma karama ce a cikin karama, na bar wa masu hankali.

Sai ya juya ga mai rijiya, ya ce, "Shitu, akwai mai jego a maƙwabtanka, tana bukatar ruwa."

Shitu, wanda haushina ya cika masa ciki, ya ce, "Allah gafarta Malam, matar Mati ce, Mati ya nemo mata. Ni ba ruwana."

Wannan fa kalma ce da kowane Bahaushe ke faɗa daga safe zuwa dare ba tare da ya tuna akwai ruwa a cikinta ba. Yaro na faɗa, tsohuwa na faɗa, ni kaina na fi faɗarta fiye da sannu. Amma Malam ya dube shi kamar yau ya fara jin ta, ya ce, "Ba ruwanka?"

"Ba ruwana, Allah gafarta Malam."

"To," in ji Malam, "ka faɗi gaskiya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga hannu sama ba, ba mu ga leɓensa ya motsa da wata addu'a ba. Ya juya a hankali ya nufi ƙofar garka. Shitu kuwa, don ya nuna wa mata cewa yau ba kwasar ruwa, ya ɗauki gugansa na fata zai ɗauraye gashin kaza daga bakin rijiya. Ya zura. Duk muka ji guga ya faɗa ruwa tinjim, muka ga igiya ta miƙe da nauyi, muka ga jijiyoyin hannunsa sun tashi yana ja. Guga ya fito bakin rijiya, sai ga shi wayam. Ba ma wofi kaɗai ba, a bushe yake ƙayau, fatar ta ƙandare kamar wadda ta shekara rataye a rana, ko igiyar babu danshi.

Ya ce gugan ya huje. Aka kawo wani, ya zura, muka ji tinjim, ya jawo, ƙayau. Ya sake, ya sake, gumi na zuba daga haɓarsa, kuma wallahi gumin nan shi kaɗai ne ruwan da ya taɓa gugan. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan wata kurciya can kan tsamiya.

Kudirat ce ta fara samun baki. Ta aje tulunta, ta ce, "Baba Shitu, kawo nan, wataƙila hannu ne." Ta karɓi gugan nan dai da ke hannunsa, ta ce, "Bismillahi, na mai jego ne," ta zura, ta jawo. Ya fito cike har yana ambaliya, ruwa garau, sanyinsa na bugun fuskar na kusa. Kabbara ta tashi. Na ga dattawan da ban taɓa ganin haƙoransu ba suna kuka kamar yara, na ga Raufu tela ya durƙusa da almakashi a hannu, ni kaina tsigar jikina ta tashi har na ji rawanina ya yi mini nauyi. Baran Shitu ya karɓa ya ce zai ɗebo wa maigida, guga ya fito a bushe. Matar Shitu ta leƙo ta ce a ɗebo na 'ya'yanta, ya fito cike. Rijiya ɗaya, guga ɗaya, igiya ɗaya. Tsarki ya tabbata ga wanda ruwa ke jin umarninsa.

Malam yana tsaye bakin ƙyaure bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Kowa ya ɗebi na bukatar gidansa, kada ya ƙara. Rijiya tana ji." Ya kuma aika wa Gwaggo cewa tukunya ɗaya ta isa wanka in an tara hankali, a tsayar da mai jego cikin babban kasko, abin da ya taru a wanke tsummokara da shi, abin da ya rage a kai gindin itace. Daga ran nan kowane gida a garin ya koma gidan Malam wajen riƙon ruwa, ba don wa'azi ba, don tsoro. An ce wani mai rawani ya so ƙara guga ɗaya don wanke riga, guga ya fito masa rabi. Masu cewa ni ne, Allah ya isa. Rigar ma ba ta yi wani datti ba.

Ba wanda ya hana Shitu mayar da kwaɗonsa, amma mutumin da ba ya iya ɗebo wa kansa kurɓi ɗaya ba ya korar masu guga. Duk abin da aka ɗebo da sunansa a bushe yake fitowa, sai dai maƙwabta su tsiyaya masa daga tulunansu sadaka, ya sha ruwan rijiyarsa a matsayin baƙo. Keke ya yi ƙura, albasa ta kwanta.

Sai dai a gidana ba a gama ba. Ruwa ya samu, ana wanka, amma Maijidda na nan kwance, kumburi bai saɓe ba, nono bai zo ba, jaririya ta daina ma kukan sai ɗan numfashi. Ranar kasuwa ta zo, babbar mota ta tsaya a bakin hanya ana lodin buhuna, Gwaggo ta ƙulle ƙunshinta, ta aika a nemo masu ɗaukar mara lafiya. Na fita a guje zuwa gidan Malam, kuma a rubuta wannan, domin bai taɓa faruwa ba: ba rawani a kaina. Na tarar da Shitu durƙushe a gaban Malam a gindin lemun tsami, leɓensa ya tsage, yana cewa a yafe masa, a kwance masa.

Malam ya ce, "Ni ban ɗaure komai ba, Shitu. Bakinka ya ɗaure, shi zai kwance." Sannan ya dube ni tun ban buɗe baki ba, ya ce, "Mati, ka ce wa Gwaggo ta jira guga ɗaya."

Muka ɗunguma garka, rabin kasuwa na biye da mu. Shitu ya riƙe igiya, ya daɗe yana kallon cikin rijiyar, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Da ruwana! Jama'a ku shaida, da ruwana da Maijidda matar Mati, da ruwana da 'yarta, da ruwana da duk mai ƙishi a garin nan!"

Ku duba mini wannan al'amari. Ƙato da gemunsa ya tsaya gaban jama'a yana shelar da ruwansa da matata, ni kuma mijinta ina tsaye, ba ni da abin cewa sai amin. Na kuwa ce amin ɗin, da ƙarfi, hawaye na bin gemuna.

Ya zura guga, ya jawo, ya fito cike. Bai kai bakinsa ba, duk da ƙishin da ke cinsa. Ya juye a tulu, ya ɗora a kansa, mutumin da bai taɓa ɗaukar ko ƙunshin goro ba, ya taka har ƙofar gidana ruwa na zubo masa a wuya, ya yi sallama ya aje. Gwaggo ta dubi tulun, ta dubi hanya inda mota ke ta ƙara, ta ce guga ɗaya dai, don girman Malam. Ta dafa rabi ta yi wa Maijidda wanka, ta dama kunu da sauran. Ina tsugune a zaure ina jin yaran mota na kiran Dandume, Dandume, sai na ji wani sauti daga cikin gida wanda na fi shekara goma ina jira: jaririya na haɗiya. Can kuma na ji muryar Maijidda, siririya amma tata, tana tambaya ko akwai sauran farfesun nan.

Sai muryar Gwaggo ta taso daga bayan danga, wannan karon a hankali. "Ki gaya wa mai rawani ya je ya ce wa direba ya yi tafiyarsa. Ki kuma ce masa ya rufe kansa, ya fi kyau da rawanin."

Yarinyar ita ce Shafa'atu, ga ta nan tana yawo, ba ta wuce randa a buɗe ba ta rufe ba. Shitu ya cire ƙyauren garka ya yi wa awakinsa rumfa da shi, rijiyar kuwa ta shayar da garin duka, ba ta ragu da kamu ɗaya ba har ruwan shuka ya sauka. Da aka yi wa Malam maganar daga baya, cewa ya yi, "Ruwan Allah ne, ya ba bayinsa," ya ci gaba da karatun da yake bayarwa.

Saura asarata, wadda ba mai ambatonta. Dillali ba shi da kayan aikin da ya fi kalmar nan ta "ba ruwana". In jakin da ka sa aka saya ya wayi gari yana ɗingishi, mai shi ya zo yana kumfar baki, da me za ka tare shi in ba da ita ba? To ni tun daga ran nan, da na buɗe baki zan faɗe ta sai in ga bushasshen gugan nan a gabana, in ji maƙogwarona ya ƙafe, in haɗiye ta, in tashi in bi mutum mu je mu duba ƙafar jaki. An raba maƙeri da zugazuginsa, an ce ya ci gaba da ƙira. Shitu ya samu rijiyarsa, Gwaggo ta samu girmanta, gari ya samu ruwa, ni aka bari da gaskiya a kasuwa, kuma har yau ba wanda ya zo mini jaje.

Wannan kaɗan ne daga abin da idona ya gani na Shehinmu, ɗigo ne daga randarsa, Allah ya tsarkake sirrinsa, ya ɗaukaka darajarsa cikin salihai, ya sanyaya kabarinsa kamar yadda ya sanyaya mana bazara. Ya Allah, don albarkar bayinka na gari, ka ba mu ruwa mai amfani, ka ba mu hannun da ya san riƙonsa, ka shayar da mu daga tafkin Annabinka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Ranar da rana za ta sauko kan kawuna, harsuna su bushe, uwa ta ce ba ruwanta da ɗanta, ka sa bawan nan naka Shehinmu ya hango mu cikin taro, ni da Maijidda da Shafa'atu, da Gwaggo, da Kudirat, har da Shitu, da wanda ya karanta wannan, ya ce da ruwansa da mu. Amin.